Murar Masu Alewar Gwaiba

A makarantar koyon sana'a ta Santa Rita del Monte akwai wani baƙo da ya fi kowane malami daɗewa. Mutum-mutumin roba ne, an saka masa kwat da malafa, an zaunar da shi a gaban tebur a ajin koyon aikin otal. Duk ƙarshen shekara ɗalibai su zo ɗaya bayan ɗaya, su rusuna, su ajiye masa faranti ba komai a ciki, su tambaye shi ko ya kwana lafiya. Wanda ya iya rusunawa ya ci jarrabawa. Sai a miƙa masa takardar shaida, uwarsa ta share hawaye, ya hau motar Bogotá, babban birnin ƙasar, domin a Santa Rita babu otal ko ɗaya.

Abin da garin ke da shi gwaiba ce. Ko'ina ka juya gidan alewa ne, ana tuƙa jar gwaiba da sukari a manyan kasake, a yanka, a naɗe a busasshen ganye. Amma ranar da injin yanka ya tsaya, sai a naɗe hannu a jira makaniki daga birni, gwaiba tana ruɓewa a kwanduna, samarin garin kuwa suna can suna gaida roba.

Wannan abu shi ke hana Yurani Ardila sukuni. 'Yar garin ce, ta je birnin Bucaramanga ta karanta ilimin sarrafa abinci, ta dawo aka ɗauke ta koyarwa. Tun zuwanta ta ɗora ido a kan wani ɗaki da ke kulle a bayan makarantar. So take ta buɗe ajin alewa a ciki: gyaran inji, tsabta, da sababbin haɗe-haɗe masu ƙarancin sukari, irin waɗanda 'yan kasuwar waje ke ta tambaya ana ce musu babu.

Ta samu shugaban makarantar, Don Evaristo, yana tsoma cuku a kofin cakulan mai zafi.

"Malama Yurani, ke dai ba kya gajiya," ya ce. "Alewa kuma sai an koya a makaranta? Kowa a garin nan da ƙamshinta aka yaye shi."

"Da ƙamshinta aka yaye shi, Don Evaristo, amma ko ƙusar inji bai iya kwancewa ba."

"Ɗakin nan na riga na yi masa tanadi. Gado za mu saka, a koyi gyaran shimfiɗa."

"Wa zai kwanta?"

"Baƙonmu mana."

Ta dube shi ko wasa yake yi. Ba wasa yake ba.

Da ta ƙi fita, sai ya gindaya mata sharaɗi yana murmushin wanda ya san ƙarshen zance. In masu gidajen alewa suka yarda ɗalibai su shiga ɗakunan girkinsu koyon aiki, kuma suka faɗa da bakinsu a taron hukumar makaranta mai zuwa, ɗaki nata ne. In ba haka ba, gado zai shiga.

Ya san abin da ya taka. A Santa Rita kowane gidan alewa yana da sirrinsa, gadon kakanni. In tuƙi ya kusa nuna, mai gida ya tafa hannu, kowa ya fita, har 'ya'yan cikinsa. A ja ƙofa, ya zaro wani abu daga aljihu ya zuba a kasko, sannan a dawo. Ba a tambaya, ba a leƙe.

Yurani ta fara da Doña Otilia, tsohuwar da ke da gidan alewa mafi girma. Tsohuwar ta saurare ta tsaf, har ta ba ta alewa a ganye.

"'Yata, na san uwarki tun tana goyonki, don haka ba zan ɓoye miki ba. In kwashi 'ya'yan mutane in zuba a ɗakin girkina? Jikar maƙwabcina Belarmino ma tana makarantar nan taku. Washegari sirrin kakata ya kwana a kaskonsa."

Yurani ta wuce wurin Don Belarmino, mai gidan da ke kallon na Doña Otilia. Shi ko kujera bai ba ta ba.

"Otilia ce ta turo ki? Tun muna yara matar nan take shinshina min taga. Ki gaya mata hancinta ya tsufa."

Sauran gidajen ma haka. Kowa ya yarda injinsa na lalacewa, kowa ya yarda 'ya'yansa sun gudu birni, kowa ya ɗaga kafaɗa ya ce haka aka saba. Yurani ta tsani wannan kalma fiye da zagi.

Ranar Lahadi ta tafi gidan ƙanwar babanta, Gwaggo Custodia, don ta huce. Gwaggo tana da itatuwan lemon tsami a bayan gida, daga nan take sayarwa, ba ta zuwa kasuwa. Yurani na zaune a ɗakin girki tana zazzaga mita, sai aka ƙwanƙwasa ƙofar baya a hankali. Ta leƙa ta labule. Don Belarmino ne, ya ja malafa har gira, yana tarin da ko yaro ya san na ƙarya ne.

"Custodia, murar nan ta sake tashi. A cika min jaka."

Bai daɗe da tafiya ba sai ga Doña Otilia, ta naɗe wuya da gyale cikin wannan rana, tana waige-waige.

"Ƙawata, maƙogwaron nan dai. Ki zaɓo min masu ruwa."

Kafin rana ta karkata, duk wanda ya kori Yurani a makon nan ya zo ya yi tarinsa ya tafi da lemo.

"Gwaggo, annoba ce ta shigo gari?"

Gwaggo ta ci gaba da wanke kofi. "Tun ina amarya suke wannan murar. Kullum ranar Lahadi take kama su, ana gobe ɗora kasko."

Yurani ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. "Lemon tsami? Duk wannan tafa hannu da jan ƙofa, duk a kan lemon tsami ne? Kuma dukkansu?"

"Ni ban ce ba. Ni lemo nake sayarwa."

"Sai na faɗa a gaban kowa!"

"Zauna, sarauniyar zafi. Ki tsaya a taro ki ce wa tsofaffi kakanninsu sun yi musu wasa da hankali? Su fice su bar ki a taron, su bar min lemona ya ruɓe. Ki nemi wata dabarar, ai don ita aka tura ki karatu."

Ranar taro Yurani ta zo da bayaninta a shirye, da kwando a rufe da tawul. Masu alewa sun jeru, kowa ya bar kujera guda tsakaninsa da maƙwabcinsa. Da yake babu wani babban ɗaki, a ajin otal aka zauna, baƙon roba yana ƙarshen tebur kamar shi ma ɗan hukuma ne.

Ta yi magana a kan injina, da gwaibar da ke ruɓewa, da motar Bogotá da ke tafiya cike ta dawo wayam. Ta yi alkawarin duk sanda mai gida ya tafa hannu, ɗalibai za su fita kamar kowa.

"In suka ji ƙamshi fa?" in ji Don Belarmino. "Yaran yanzu hancinsu kamar na kare."

"Ka ji mai sirri," in ji Doña Otilia tana kallon silin. "Wa zai saci abin da ke liƙe wa mutane a haƙori?"

Don Evaristo ya fara tattara takardunsa, fuskarsa fes. Gado ya kusa shiga.

Maganar lemon tana kan harshen Yurani, tana ƙuna. Ta haɗiye ta. Ta ɗora kwandon a tsakiyar tebur, ta yaye tawul.

"Kafin a tashi, iyayena, ga ɗan tsaraba. Na ji an ce dukkanku kuna fama da mura. Duk ranar Lahadi."

Lemo ɗaya ya gangaro ya tsaya a gaban baƙon roba. Don Belarmino ya dubi kwandon, ya dubi Doña Otilia. Ita ma shi take kallo.

"Kai ma?" ta ce a hankali.

"Ke ma?"

"A aljihun hagu?"

"Ina kuma za a sa shi, Otilia?"

Dariya ta fara kama tsohuwar daga kafaɗu. Ta yi ƙoƙarin danne ta da gyale, ta kasa, ta kifa kai a tebur. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, wani yana nuna wani da yatsa. Don Evaristo kaɗai ke ta tambaya, "Wace mura? Wa ba shi da lafiya?" Ba wanda ya kula shi.

Da Doña Otilia ta samu numfashi, ta goge ido ta dubi Yurani.

"Ke 'yar nema ce. To in duk abu ɗaya muke zubawa, me za ki koya wa yaran da ba mu sani ba?"

"Abin da zai sa alewarku ta bambanta da gaske. Wani ya haɗa da kofi, wani ya rage sukari, wani ya yi abin sha da ɓawon da kuke zubarwa. Kowa ya samu sirrin da ya cancanci jan ƙofa."

"Na kofin nawa ne," Don Belarmino ya yi caraf.

"Ka ji ɓarawo, ni na fara tunaninsa!" in ji Doña Otilia. Ta juya ga shugaban. "Evaristo, ba ta makullin. Ka turo min yara, har da jikar wannan tsohon. In injina ya sake tsayawa, ita za ta shiga ƙarƙashinsa."

Don Evaristo ya ciro makullin kamar ana cire masa haƙori.

Ajin ya buɗe da sabon zango. Baƙon roba ma an yi masa canjin aiki, ɗalibai suka cire masa kwat suka saka masa farar riga da hular rufe gashi, a kansa ake nuna yadda ake shiga ɗakin girki.

Doña Otilia kuwa har yau in tuƙi ya kusa nuna sai ta tafa hannu, kowa ya fita. Ɗaliban su tsaya a bakin ƙofa suna danne dariya, domin su ta aika da safe gidan Gwaggo Custodia, ta ƙofar baya, wai murarta ta tashi.