Dawakan Kabarin Pashedu

Tsoho Pashedu, mai kula da rumbunan sarki, ya kai matarsa Henut ta ga kabarin da ake sassaƙa masa. Abin da ke bango shi mutum zai tarar a lahira, shi ya sa ya ce a yi masa ingarmu biyu. Ga su nan kuwa, sun yi tsaye da ƙafafun baya, hanci a buɗe.

"Maigida, kai da jakin maƙwabta ya kayar da kai bara?" in ji Henut. "Wa zai riƙe maka su a can?"

Pashedu ya daɗe yana kallon kofatan. Can ya ja masassaƙin gefe, ya rage murya.

"Ipuy, sa musu dabaibayi. Ka ƙara mini jaki ɗaya, tsoho."