Muryar Inna a Cikin Leda

Ranar kasuwar Aliero motar albasa ta yi baya ta take wani mai turin kura, Isiyaku, ya cika nan take. Mardiyya, ɗalibar jami'a da ta fito cefane, tana ɗaukar bidiyon tulin buhuna ne lokacin, abin ya faɗo cikin wayarta.

Da 'yan sanda suka iso kowa ya cusa wayarsa aljihu. Dillalai da 'yan dako duk suka zama makafi. Ita kaɗai ta ɗaga hannu.

"Ni na gani. Direban bai duba baya ba. Ga shi na ɗauka."

Sajan ya kalla, ya jefa wayar cikin leda. "Wannan waya ta zama shaida. Sai an gama shari'a."

"Yallaɓai, ku kwashi bidiyon ku ba ni abina."

"Doka ta ba mu iko, 'yar boko."

Ba ta gaya masa abin da ke ciki ba. Innarta Kande, da ta rasu bara a Jandutsi, ba ta rubutu, sai saƙon murya: gaisuwa, faɗa, da kirarin da take yi mata in jarrabawa ta matso. Wayar nan kaɗai ke riƙe da su.

Ta yi ta sintiri caji ofis, kullum a ce ta dawo jibi. Kawunta Maccido ya ce, "Ke ɗiya, wa ya aike ki? Mutum nawa sunka gani sunka yi shiru? Bari in je in roƙe su."

"Kawu, ba a roƙon abin da yake naka."

Dangin Isiyaku suka zo daga Liba, suka ce ƙaddara ce, sun yafe. Direba ya koma kan hanya. Shari'a ba ta zauna ba, balle alƙali ya ce a saki kayan shaida. Waya ta zauna a ɗakin ajiya har damina ta sauka, rufin kuwa yana yoyo.

Sai bayan girbi aka miƙo mata ita, ta kumbura, ruwa kwance cikin ledar. Mai gyara a Jega ya buɗe, ya girgiza kai.

"Da kin sani fa?" in ji Kawu, da ya rako ta.

"Da na sake ɗaga hannu."

A motar komawa ta gwada kirarin a hankali. Kalmomin duk suna nan. Muryar ce ta nema ta rasa.