Masu Sharar Baba

Tunda Baba ya yi ritaya daga aikin kula da sito, bai sami wanda zai riƙa ba umarni ba sai tsohuwar kwamfutarsa. Tana zaune a kan tebur a lungun falo, an lulluɓe ta da tawul kamar mai zazzaɓi. A cikinta ya zuba manhajojin shara har guda biyar, irin masu yi maka alkawarin za su kwashe datti, su jera rajista, su sa kwamfuta gudu. Kowace safiya sai ya danna su ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe hannu yana kallon koren layi yana cika. "Ma'aikatana," haka yake kiransu. Ita kuwa baiwar Allah kullum nawa take ƙarawa. In ya kunna ta, Mama kan gama wanke-wanke kafin ta buɗe ido, amma babu mai bakin faɗa a gidan.

Mu yaran duk mun watse, saura Auta. Ita ce ta kira ni, ni babbar yayarta, wai in zo in riƙe mata zuciya, domin ranar ce wanda take so zai fara gaida Baba. Injiniya muke ce masa, gyaran kwamfuta yake yi a wani kamfani. Baba ya daɗe da jin labarinsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma shirun Baba ya fi faɗansa ban tsoro. Da kunnena na ji tana yi wa saurayin huɗuba a bakin ƙofa.

"Don Allah, duk abin da ya ce a kan kwamfutar nan, ka ce haka ne. Ka ji?"

Ya shigo, dogo da shi, gumi har ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya ƙi kujera, ya zauna a kan darduma. Ni da Auta muka laɓe a bayan labulen kicin, tana matse min hannu kamar ni ce na haɗa su. Ko gama gaisawa ba su yi ba Baba ya yaye tawul.

"An ce kai injiniya ne."

"Ana dai taɓawa, Baba."

"To taso ka ga aiki."

Aka kunna, aka jira, aka ƙara jira. Can sai ma'aikatan suka fara fitowa suna ture juna. Wannan ya ce ya gano kurakurai dubbai, wancan ya ce na farkon nan shi ne babban haɗari, a cire shi yanzu. Fankar cikin kwamfutar tana ta gurnani. Baba ya dubi baƙonsa yana murmushi.

"Ka gani? Ba sa barci. Amma har yanzu tana ɗan jan ƙafa. So nake ka ƙara min na shida, mai ƙarfi."

Injiniya ya kalli allo, ya kalli labule. Na san yana ganin idon Auta ta tsagar. Ya haɗiyi yawu, ni ma na taya shi.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji shi. "Na shida ba zai yi magani ba. Waɗannan biyar ɗin su ne ciwon."

Auta ta saki hannuna ta dafe kai. Wallahi a lokacin na ji haushinsa, na ce a raina wannan yaro ya zo neman aure ne ko neman gaskiya? Mama da ke yanka albasa ta ajiye wuƙa.

"Wato shekarun nan aikin banza nake yi?" Muryar Baba ta yi ƙasa, irin ƙasan da muka sani.

"Kun kula da ita, shi ya sa har yau take da rai. Amma rajistar nan wurin ajiyar saiti ce kawai. Ko an jera ta sau ɗari ba za ku ji bambanci ba, wani lokaci ma mai sharar ya haɗa da abin amfani ya zubar. Su kuma biyar ɗin tare suke tashi da ita, kowa yana son ya riga wucewa ta ƙofa ɗaya."

Baba ya ja kujerarsa baya.

"Nuna min."

Injiniya ya naɗe hannun riga. Ya hana ma'aikatan tashi da kansu, ya kashe kwamfutar, ya kwance gefenta. Abin da muka gani a jikin fankar nan ya isa a dunƙula ƙaramin filo. Mama ta manta da cewa laɓe muke yi, ta fita da tsohon buroshin haƙori tana dariya.

"Masu shara biyar, Malam, ga shara har wuya!"

Aka goge, aka ɗaure, aka danna. Baba ya cire tabarau zai share da bakin riga kamar yadda ya saba cinye lokacin jira. Bai kai ga mayar da shi ba sai ga allo ya buɗe tar, fanka shiru. Ya ce a kashe a sake. Aka sake. Sai ya fashe da dariya har yana buga gwiwa, dariyar da na daɗe ban ji a gidan ba.

"Ashe 'yan zaman kashe wando na ɗauka aiki! Sallame su."

Injiniya ya shiga cire su, Baba yana yi wa kowanne bankwana da baƙar magana. Na ɗaya ya tafi, na biyu, na uku, na huɗu. Da ya kai kan na biyar sai Baba ya ɗora hannu a kan nasa.

"Wannan zai cutar da ita?"

"In ba ku bar shi ya taɓa rajista ba, ba zai yi komai ba. Amfanin ma ba zai yi ba, gaskiya."

"To bar min shi." Baba bai kalli kowa ba, allon yake kallo. "Ka raba ni da ma'aikata huɗu a zama ɗaya, ga Auta kuma da za ka tafi da ita. Ka bar min wanda zan riƙa yi wa magana da safe."

Injiniya ya tsaya da baki buɗe, maganar ba ta gama isa gare shi ba. Auta ta riga shi ganewa. Ta rungume ni tana dariya tana kuka, ni kuma murna ta cika ni, ga kuma tausayin tsohon nan. Baba ya ɗan yi gyaran murya.

"Ka ce wa iyayenka ina jiransu. Ke kuma Auta, fito hakanan, tun ɗazu nake ganin ƙafafunki."