Ƙiwar Ɗan Fari

Da Lukuman ya shiga wata na goma sai ya zama wani yaro daban. Da can duk wanda ya miƙo hannu zai tafi. Amma tun da ya fara rarrafe, yana dafa bango yana miƙewa, ƙiwa ta kama shi. Ba ya yarda da kowa sai uwarsa Mansura. In ta shiga madafa yana biye da ita, in ta zaga bayan gida ya zauna a ƙofa yana tsala ihu har ta fito.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ɗan fari ne. A gidan surukanta a Bungudu mace ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta rarrashinsa a gaban manya, nono ma sai ta shige ɗaki. Yaro ya riƙe mata zane yana kuka, ita ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Shi kuwa bai san wata al'ada ba. Iyaka dai ya ga uwarsa na guje masa, sai ya ƙara liƙe mata.

Inna Kulu, uwar mijinta, ta gaji. Ta ce, "Wanga yaro ya ishe mu. Gobe in zan tafi biki Tsafe da shi zan tafi. Ya yi mako bai gan ta ba, ya sha koko, ƙiwar ta sake shi."

Mansura na tsugune tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba. Da rana ta tari mijinta Sabiru ya dawo daga gona.

"Kai ma ka san nono yake sha. Koko cokali biyu yake karɓa ya tofar."

"Ni in yi wa Inna gardama a kan ɗan fari? Rufa min asiri."

Ya ce kunya ce. Ragwanta ce, kuma maza da yawa a nan suke fakewa.

Da safe mai mashin ya tsaya a ƙofar gida zai kai Inna tasha. Inna ta saɓa Lukuman a baya, ta ɗaure da majanyi. Yaro ya banƙare, ya miƙo hannu biyu wajen uwarsa, ya yi kuka har muryarsa ta shaƙe. Mansura na bakin turmi tana daka. Ta duba gaban rigarta, nono ya jiƙa ta. Ta jingine taɓarya, ta bi su zaure, ta durƙusa.

"Inna, don Allah ki kwance shi."

Hussaina, ƙanwar Sabiru, ta tafa hannu. "La ila! Matar yaya, yau kunyar ta tafi kiwo ke nan? Ɗan fari fa!"

Inna ta juyo. "Mi kika ce?"

"Ki kwance shi, Inna."

"A gaban baƙo? Haka aka koya miki a gidanku? Ni da na haifi Sabiru, sai da ya yi wayo bai san ni na haife shi ba."

"Ki zage ni, na cancanta. Duk wanda zai ce ba ni da kunya ya ce. Amma bai isa yaye ba, ba zai kwana babu nono ba." Ba ta sunkuyar da kai ba. "In dole sai ya je Tsafe, to ki tafi da mu tare. In yi miki wanke-wanken bikin duka."

Mai mashin ya kashe inji ya kama kallon ƙasa. Inna ta kai hannu baya ta dafa Lukuman. Zafin jikin yaron ta ji a bayanta, ga shi yana ta shessheƙa. Ta kwance majanyin ta zamo da shi, ta dangwara mata.

"Karɓi abinki, marar ta ido. Ɗauko mayafi, kada ki sa mota ta bar ni."

Mansura ta zauna nan cikin zaure ta juya baya ta ba shi nono. Kafin Hussaina ta kawo mayafin ya yi tsit.

A mota Inna ta kau da kai daga gare ta har suka wuce Gusau. Lukuman na zaune a cinyar uwarsa, hannu ɗaya damƙe da rigarta. Da ya tabbata babu mai raba su, sai ya fara leƙen kakarsa. Can ya miƙa ɗaya hannun ya cafko carbinta, ya kai baki.

Inna ta harare shi. "Kai, mijin banza. Sai yanzu ka san da ni?"

Ta sakar masa carbin.