Rawanin Da Aka Naɗa Wa Gidaɗo

Shekara goma sha tara rabon Gwaggo Maimuna da ganin ɗanta, amma yanzu babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a cika mata kunne da sunansa ba. Gidaɗo ɗanta ne na fari. Ita kuwa Bafillatana ce ta gaske, ko da yake tun zamanin kakanta suka bar ruga suka zauna cikin birni. Ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. "Wancan" take ce masa.

Shekarar da Nasara suka shigo Kano ya bi shanu zuwa Ikko, yana saurayi, babu wanda ya raka shi ko bakin lungu. Sai da ya zama babban dillali, jirgin ƙasa ya zo ya riƙa loda garke guda a taragu, duk Bakanon da ya sauka Ikko a gidansa yake ci yake kwana, sannan mutanen Goron Dutse suka tuna ai nasu ne. Unguwar ƙarama ce, gonaki sun fi gidaje yawa, ba ta taɓa fitar da wanda aka san shi bayan Ƙofar Kabuga ba. To, sai suka ɗauki abin da zafi. Rijiyar da ya aiko aka haƙa ta zama Rijiyar Gidaɗo. Lungun gidansu ya zama Lungun Gidaɗo. Har tsamiyar da aka ce ya taɓa faɗowa daga kanta ta sami suna. Tsohuwa ta wayi gari ba ta iya yi wa baƙo kwatancen gidanta.

Da labari ya zo cewa ya sauka Fagge sayen shanu, zai shigo gari ranar Alhamis ya koma tasha kafin la'asar, mai unguwa Malam Ilu ya hana kowa sakat. Aka yi wa zaure sabon yaɓe, aka share lungu, aka tara mata a tsakar gidan Gwaggo kwana uku suna daka. Ita ce mai gida, ita ce mai nuna inda tukunya take, ita ce mai raba faɗa. Ta gaji har ƙashinta.

Abu ɗaya take so, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Idonta ya fara yana. Bana tana gane fuska in an matso. Baɗi Allah kaɗai ya sani. Kunya ta hana ta dubansa ido da ido, amma ba ta hana leƙe ba. Saboda haka ta zare tsinke biyu daga asabarin ƙofar ɗakinta, daidai idon mai zaune, yadda in ya ratso tsakar gida za ta ƙare masa kallo, ba wanda ya sani.

Ranar Alhamis tun hantsi ta zauna a bayan asabarin. Tana jin ganga can wajen rijiya, inda malamai suka yi addu'a mai tsawo, wani dattijo kuma ya ba da tarihin yadda shi ya fara koya wa Gidaɗo ɗaure maraƙi. Daga nan gida-gida aka riƙa jansa. Rana ta take, ƙafarta ta yi tsami, ba ta motsa ba don kada ta tashi ya shigo.

Sai bayan azahar hayaniya ta cika zaure. Ta kafa ido a ramin asabari. Abin da ta gani tsauni ne na farin yadi yana tafiya. Unguwa ta yi wa ɗanta kyauta: babbar riga mai aska, da rawani da aka naɗa masa har da amawali, ya rufe baki da hanci. Shi kuma ga kunyar uwa, ya sunkuyar da kai ƙasa. Ko idonsa ba ta samu ba.

Ya durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce. Muryarsa ta yi kauri, ba wadda ta sani ba.

Malam Ilu na tsaye a kansa yana washe baki. "Gwaggo, kin ga naɗi? Ni da hannuna na yi shi."

Ta tura ƙwaryar fura ta ƙarƙashin asabari, tana cewa, kamar da iska take magana, "A ba baƙo ya jiƙa maƙoshi." Ta san ba a shan fura da amawali a baki.

Gidaɗo ya kai hannu zai ja rawanin ƙasa. Malam Ilu ya yi caraf ya riƙe hannun.

"A'a, ranka ya daɗe, kada ka ɓata shi, mutane na jira a waje su gani! Gida tara fa aka ciyar da shi, Gwaggo, ina zai sa fura? Kawo, mu ma mu sami albarka."

Malam Ilu ya ɗaga ƙwaryar ya kafa kai. Gwaggo ta ji kamar ta yaye asabarin ta fizge yadin nan da hannunta. Amma mata sun cika tsakar gida, duk ita suke kallo. Ta zauna yadda aka san ta.

Wani ya leƙo daga zaure ya ce an gama loda shanu. Gidaɗo ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya ce, "Inna, a yi mini addu'a."

"Allah ya kiyaye hanya."

Aka ɗaga shi, aka yi waje da shi, ganga ta bi su har ta daina jinta.

Da gida ya watse, maƙwabciyarta 'Yardada ta shigo kwashe tukwanenta, bakinta bai rufu ba don daɗi. Ita kam tun safe take bin taron, tun kafin a yi naɗin. Gwaggo ta bari sai da ta ɗora tukunya a ka, sannan ta tambaye ta a hankali, tana kallon ƙasa.

"Wancan, ya yi furfura ne?"

'Yardada ta tsaya ta yi tunani.

"Wallahi, Gwaggo, ban lura ba. Ni rigar nake kallo."