Baƙon Jini a Kwalba

Farfesa ta karanta takardar a karo na uku, sannan ta dubi Dakta ta saman tabarau. Yana tsaye bakin ƙofa, hannu a baya, da irin ladabin nan nasa da bai taɓa kwanta mata a rai ba.

"Wa ya sa ka?" ta ce.

"Ba kowa, ranki ya daɗe. Gani na yi yau ake bikin sallamarki, na ce bari in duba ƙwayoyin gadon ƙudajen, mu ƙawata jawabin. Sau uku na maimaita gwajin."

Wai ƙawata jawabi! Shekara ashirin da takwas tana kiwon ƙananan ƙudaje a kwalabe, zuri'a ɗaya tak, 'yan'uwa na haihuwa da 'yan'uwa, ba baƙon jini. Masana sun ce irin wannan zuri'a lalacewa take yi ta ƙare. Tata ba ta ƙare ba. Da wannan ta yi suna, har ana koyar da shi a jami'o'in da ba ta taɓa takawa ba. Yanzu saura awa biyu ta hau mumbari, ga wanda ita ta koya wa aikin ya kawo takarda wai akwai baƙon jini a kwalaben.

In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ta daɗe tana lura da yadda yake kallon kujerarta. Kuma ba shi ne ya ari mabuɗin ɗakin ƙuda a watan jiya ba? Ta ninke takardar ta wuce shi, ko kallo bai ishe ta ba.

Ta tarar da ɗakin ƙudan na warin ruɓaɓɓiyar ayaba kamar kullum. Tsohon ma'aikacinta, wanda ɗalibai ke kira Sarkin Ƙuda, yana sauya wa ƙudajen kwalba, yana toshe bakin kowace da auduga. Ta rufe ƙofa.

"Baba, tsakaninka da Allah, ranar da Dakta ya karɓi mabuɗi, me ya shigo da shi?"

"Ba komai, Farfesa. Ɗiba ya yi ya fita. Ai ina tsaye a kansa."

Ko shi ma an saye shi? Ta ƙura masa ido.

"To ya ce akwai baƙon jini a ƙudajena. Wa ya zuba?"

Tsohon ya washe baki kamar wanda aka yi wa albishir.

"Au, sai yau aka gane? Ni ne mana."

Ta laluba kujera ta zauna.

"Ubana makiyayi ne," ya ci gaba, yana goge hannu da tsumma. "Garke in ya daɗe bai ga baƙon rago ba, 'ya'yan sai su riƙa fitowa a shanye. To duk sanda na ga ƙudajen sun yi yaushi, ƙwai ya ja baya, sai in ajiye ɓawon ayaba bayan kantin abinci, in kamo maza uku-huɗu masu jini a jika, in zuba musu. Kafin mako biyu kwalba ta cika."

"Tun yaushe?"

"Tun shekara ta uku. Ranar da na tarar da ke kina kuka a nan, kina cewa in suka mutu aikinki ya mutu. Na ce ina raye? Ai ba za a yi haka ba." Sai ya lura da fuskarta, murmushin ya ɗauke. "Na yi laifi ne, Farfesa?"

Kunya ce ta rufe ta, har da ta zargin da ta yi wa Dakta. Ta taga tana hango baƙi sun fara shiga zauren taro, wasu rungume da littafinta.

Aka ƙwanƙwasa. Dakta ya leƙo, ya yi ƙasa da murya.

"Ranki ya daɗe, ba wanda ya ga takardar nan sai ni da ke. In kin ce a yaga, a yaga."

Ta dube shi. Sannan ta warware takardar, ta shafe ninkin a kan gwiwarta.

"Je ka ce su cire shafin farko na jawabina," ta ce. "Da wannan zan fara. Baba, wanke hannunka, kujerar gaba za ka zauna."