Wat Ɗari Bakwai da Hamsin

Ciwon Auta daga ƙafa ya fara. Likitoci sun ce tsokar jikinsa ce ke mutuwa a hankali, kuma babu magani. Bai daɗe da shiga shekara ashirin ba ya daina tafiya, aka mayar da gadonsa ɗakin da ke kusa da banɗaki. Abin da ya rage masa hannayensa ne, da tsohuwar kwamfutar da yake buga gem a kanta tun safe har sai Umma ta yi faɗa.

Wata rana ɗan kawunsu ya aiko masa da katin hoto, irin babban nan mai fanka uku da ake sa wa kwamfuta don ta ɗauki manyan wasanni. Auta ya rungume kwalin kamar an ba shi jariri.

Yayansa Dogo, mai walda, ya ɗauki kwamfutar da katin ya kai wa wani mai gyara da ake kira Injiniya. Shagon matsattse ne a ƙarƙashin bene, sai warin dalma ke tashi. Injiniya ya kwance murfin gefe, ya hure ƙura, ya haska wani akwatin ƙarfe a can ƙasa.

“Ka ga wannan? Fawa ke nan, ita ke raba wa komai wuta. Taku wat ɗari huɗu ce, ga tsufa. Katin nan aƙalla ɗari shida da hamsin yake so. Da ni ne, mai ɗari bakwai da hamsin zan sa, ya samu sarari.”

“In aka sa shi a haka fa?”

“Zai kawo hoto. Amma da wasa ya yi zafi, katin ya ja wuta, ko ta ɗauke ko ta ƙone ta tafi da shi. Ko wayar da za a soka masa ma ba ta da ita, sai dai a yi dabara.”

Dogo ya nuna wata sabuwa a kan kanta, an rubuta mata ɗari takwas. Injiniya ya miƙo masa. “Ɗaga ka ji.” Ba ta fi gwangwanin da babu komai nauyi ba. “Rubutu ne kawai. Ta kirki sai na yi oda.”

Dogo ya san halin wuta. Ya sha ganin siririyar waya ta narke a wurin aikinsa. Ya ce a yi odar, ya dawo gida da kwamfutar yadda take, ya gaya wa Auta yadda suka yi.

“A sa mai ɗari takwas ɗin mana,” in ji Auta.

“Ƙarya aka rubuta a jikinta.”

“To a bar tsohuwar. Zan rage nauyin hoton.”

“In ya ƙone fa? Wa zai aiko maka da wani?”

Auta ya dubi ƙofa, ya rage murya. “Yaya, jiya cokali ya faɗi daga hannuna. Ban gaya wa Umma ba.”

Dogo ya tsaya riƙe da igiyar wuta, bai soka ta ba. Can ya ce, “Gajiya ce. Kai da gem ɗin nan ba ka barin yatsu su huta.” Ya ɗora kwalin katin a saman sif, ya fita.

Kayan ba su zo a satin da aka ce ba. Motar ta lalace a hanya, in ji Injiniya. Da suka iso, sai aka ga ƙarama aka aiko, aka mayar. Kullum Dogo sai ya biya ta shagon bayan an tashi aiki, har Injiniya ya koma girgiza masa kai tun daga nesa. A gida Auta ya daina tambaya. Umma ta fara ba shi abinci a baki, tana cewa ai shagwaɓa ce ta auta, ba ta kallon kowa in ta faɗa.

Ranar da fawar ta zo, Injiniya da kansa ya biyo Dogo gida. Mai nauyi ce, baƙa, wayoyinta masu kauri. Ya ɗaura ta, ya zaunar da katin, ya soka masa waya, ya kunna. Fankokin suka juya babu ƙara. Hoto ya fito tar: wani mahayin doki a bakin kogi, har ciyawa ana ganin tana kaɗawa.

“Yanzu ko wuni za a yi, ba abin da zai same shi,” in ji Injiniya.

Dogo ya ɗora wa ƙanensa fad, abin da ake riƙewa a danna wasa, a cinya. Auta ya jawo hannunsa a kai da ƙyar. Babban yatsan ya hau maɓalli, ya tsaya. Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Mahayin bai motsa ba. Fad ɗin ya zame ya faɗi ƙasa.

Injiniya ya tattara kayan aikinsa, ya yi sallama ƙasa-ƙasa.

“Da ka sa shi tun ran nan,” in ji Auta, “da na samu ko sati ɗaya.”

“Da ya ƙone.”

“Wataƙila. Wataƙila kuma a’a.”

Dogo ya sunkuya ƙasa. Ya ɗauki fad ɗin ya zauna a gefen gado. “Faɗa mini abin da zan danna.”

Yatsunsa sun yi kanta da ƙarfe, maɓalli biyu yake dannawa a tare. Auta na cewa hagu, shi yana yin dama. Dokin ya afka kogi, aka sake, ya kuma afkawa. Auta ya yi ’yar dariya, ta koma tari, Umma ta shigo da gudu ta tallafe shi.

Daga ranar, Dogo kan wanke hannu in ya dawo aiki ya zauna a gefen gadon. Ya koyi wasan, har ya iya tsallaka kogin ba tare da an gaya masa ba. Auta bai ƙara tayar da maganar ba. Da muryarsa ta raunana ya daina ba da umarni, sai kallo. Wani lokaci Dogo kan waiwaya ya tarar idonsa a rufe, amma ba ya kashe kwamfutar, don in ya kashe Auta kan buɗe ido ya tambayi dalili.